Katin da Kafinta Bai Karanta Ba

Auta na jera kofuna a falo sai Gwaggo, yayar Abbanta, ta sake ɗauko zancen kafintan da ke neman aurenta. Wai wane irin saurayi ne wata takwas bai taɓa rubuto ko layi ɗaya ba, kullum sai saƙon murya? A ganin Gwaggo, mai gudun rubutu shaida yake gudu, ƙila ma yana da mata da 'ya'ya a wani wuri.

Maganar ta tsaya wa Auta a rai. Ita ma ta lura in ta tura masa dogon saƙo, sai ya kira ya ce ta faɗa da baki.

Ranar da ya zo gaida Abba abin ya lalace. Abba ya miƙa masa samfurin katin biki ya duba. Kafintan ya ƙura wa katin ido, ya ce komai daidai. Ashe mai bugawa ya yi kuskure, sunan wani daban ya sa a gurbin na mahaifinsa. Yana fita Gwaggo ta tafa hannu, ta ce ga shi nan, ko sunan uban ma na aro ne. Abba ya dakatar da maganar auren.

Kwana uku Auta na kuka. A na huɗu ta daure ta tafi jami'a, inda take shekarar ƙarshe a nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke koyon karatu. Malamarsu na bayani kan disleksiya, wahalar haɗa harafi da sautinsa, da yadda manya masu ita ke ƙwarewa wajen ɓoyewa. Nan take Auta ta tuna da kafintan. Sai kuma ta zargi kanta: ko so ne ke nema masa uzuri?

Daga aji ta zarce shagonsa. A bango ta ga aikin kowane kwastoma zane ne da awo, babu suna ko ɗaya. Ta tambaye shi kai tsaye ko karatu na ba shi wahala. Ya ajiye zarto.

"Tun firamare ake ce min daƙiƙi," ya ce. "Tsoro na ji kada ke ma ki faɗa."

"Ɓoyewar ce ta ɓata min rai, ba karatun ba," in ji ta.

Ya yarda ta kai shi sashensu na jami'a aka gwada shi, aka tabbatar disleksiya ce, sannan da bakinsa ya je ya faɗa wa Abba gaskiya, ya nemi gafara. Abba ya yi nasa binciken wata biyu kafin ya amince. Gwaggo ta ce ita dai tana nan tana kallo, amma ita ta fi kowa hidima a bikin.

Zato ya kusa raba masoyan nan, ɓoye-ɓoye ya taya shi. Wanda ya ga abin da bai gane ba ga ɗan'uwansa, ya yi haƙuri ya tambaya kafin ya yanke hukunci.