Gwiwar Lamba Talatin da Ɗaya

"Lamba talatin da ɗaya!"

Saurayin da ke ƙarshen benci ya miƙe da ƙyar, ya cusa sanduna biyu a hammata, ya ja ƙafa zuwa ƙofa. Dogo ne mai manyan hannuwa, golan wani ƙaramin kulob. Gwiwarsa ta dama tana cikin baƙar safa mai kauri, tun daga cinya har ƙwauri.

Ɗakin yana can ƙarshen barandar asibitin ƙashi. Gado ɗaya mai yagaggiyar leda, fanka mai kuka, sai wata budurwa cikin farar riga, riƙe da ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi.

"Ina da suna fa," in ji shi.

"A ɗakin nan ba ka da shi. Hau gado. Kuma kafin ka buɗe baki, kada ka gaya mini abin da aka yi wa gwiwar nan, kada ka taɓa safar nan a gabana."

"Ko gaisuwa?"

"Gaisuwa kyauta ce. Ina kwana. Lanƙwasa."

Ya lanƙwasa. Azaba ta ratsa shi har ƙwaƙwalwa, gumi ya keto masa. Ta ɗora ma'aunin, ta rubuta, sannan ta ɗago ido ta dube shi. Kallon bai kai daƙiƙa uku ba, amma irin wannan kallo ba a auna shi da agogo.

Ga yadda abin yake. Akwai wata jijiya a cikin gwiwa wadda in ta tsinke wa ɗan wasa, ƙafar ta zama kamar ƙofar da ƙusarta ta fita. Farfesan da ke shugabantar sashen yana son ya gane abin da ya fi: a yi tiyata, a yanko jijiya daga bayan cinya a huda ƙashi a zura ta, ko kuwa a bar gwiwar da gashin ƙashi da motsa jiki. Sai ya tara masu irin wannan rauni. Kowa ya sa hannu, ya zari ambulan rufaffiya, abin da ya tarar a ciki shi ne rabonsa. Ita kuwa mai awo ba a yarda ta san wanda aka yanka ba, don zuciya kan ja hannu ko mutum bai sani ba. Shi ya sa kowa ke zuwa da baƙar safa, mai tabo da marar tabo. Shekara guda cur ake wannan ɓoyo.

Bencin nan ba wurin dariya ba ne. Samari ne da ƙafa ce jarinsu, kowa ya zuba wa bango ido yana tunanin wanda ya gaje masa riga a fili. Amma Gola ya fara ɗokin ranar awo kamar ranar albashi.

A jikin katinsa akwai lambar wayar ofis, kuma ita ke riƙe da wayar. Ran nan da hantsi saƙo ya shigo:

"Mai Awo, gwiwa ta kwana lafiya. Amma akwai wani wuri da ke ciwo, sama da ita da kamu uku, ta ɓangaren hagu. Shi ma kina auna shi?"

Sai bayan la'asar ta ba shi amsa:

"Talatin da Ɗaya, wannan layin na marasa lafiya ne. Masu ciwon surutu ga lambata, kada ka cika wa gwamnati waya."

Haka aka fara. Ta gaya masa ita ce babba a gidansu. Ya gaya mata shi maraya ne, yayarsa ce ta raine shi. A ɗakin awo kuwa ba ta sassauta masa ko da ƙwayar zarra. In ya ce ya kai iyaka, sai ta ce, "Ƙara." In ya ƙara har hawaye ya zubo, sai ta kau da kai ta rubuta abin da ma'auni ya nuna, ba abin da ranta ke so ba.

A wata na shida ya yar da sanduna, ya ce zai je ya gaida babanta.

"Golana, ka bari shekara ta cika," ta ce.

"Tsuntsun da ya jira damina ta wuce ya tarar an girbe. Na ga yadda ƙaramin likitan nan ke jinginar da mota a ƙofarku."

Gaskiya ya faɗa. Ƙaramin likitan, wanda ambulan-ambulan ɗin ke cikin durowarsa, ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu.

Babanta yana gyaran takalma a wata rumfa bayan filin wasa. Baba Tara ake ce masa, don a zamaninsa shi ne lamba tara, kuma tsofaffi har yau suna ba da labarin ƙafarsa ta hagu. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce aka yanka masa gwiwar wannan ƙafa. Tun daga ranar ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa ba. A miƙe take bisa wani guntun katako, kamar icen da aka ajiye a manta.

Gola ya gaishe shi. Mai Awo tana tsaye gefe, ta kawo wa uban abinci.

"Me kake yi?" in ji tsohon, bai ɗago daga ɗinkinsa ba.

"Mai tsaron gida ne, Baba."

"Mai tsaron gida. Kana da gidan?"

"Ina haya."

"To. Mene ne cikin safar nan? An yanka ka ko ba a yanka ba?"

Gola ya dubi yarinyar, ya dubi ƙasa.

"Baba, ba zan iya faɗa ba."

"Uwata, koma gida." Da ta tafi, ya ajiye basilla. "To, ba ta nan. Faɗi."

"Ko ba ta nan, Baba. Abin da ya shiga kunnen uba, zai kwana a gida. Na sa hannu."

Tsohon ya buga tafin hannu a kan matacciyar ƙafarsa.

"Ka ga wannan? Uwar yarinyar nan ta yi shekara ashirin tana sa mini wando. Ta ɗauke ni zuwa banɗaki tana da ciki wata takwas. Na rantse 'yata ba za ta gaji wannan aiki ba. Tambaya ɗaya na yi maka, ka tsaya kana mini boko. Wanda ya ɓoye gwiwa, me zai bayyana? Tashi ka ba ni wuri."

Da yamma Gola ya aika mata:

"Awona, kalma ɗaya ce da na faɗa da an wuce wurin. Ki yafe mini."

Ta rubuto:

"Da ka faɗa, da ban san da wane ido zan dube ka ba. Ka yi haƙuri da Baba, ciwo ne ke magana."

Ƙaramin likita ya ji labari, don bango ma yana da kunne, balle rumfar mai gyaran takalma. Ya kawo wani takalmi da babu abin da ya same shi, ya zauna ana hira. Cikin hirar ya saki maganar kamar ba da gangan ba.

"Ai yaron nan an yi masa aiki, Baba. Kuma hoton da na gani bai yi mini daɗi ba. Ni dai tausayin 'yarka nake ji."

Tsohon ya isa gida da ɗingishinsa, ya tarar 'yarsa tana wanke kwanuka.

"Uwata, ashe mutumin naki..."

Ta toshe kunnuwa da hannuwa masu kumfa. "Baba, don Allah kada ka faɗa!"

"An yanka shi! Likita da bakinsa ya gaya mini!"

Uwar ta fito daga ɗaki ta ce, "Haba, Malam," amma magana zarar bunu ce. Yarinyar ta sauke hannuwa, ta zauna a bakin rijiya.

Da a ce ta yi shiru, da babu mai sani. Likitan ba zai tona kansa ba. Amma da safe ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa, ta faɗi komai: abin da ta ji, bakin wanda ya fito, har da saƙonnin da ke tsakaninta da lamba talatin da ɗaya.

Farfesa ya cire tabarau, ya murza ido.

"Kin san abin da kika jawo wa kanki?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma in na sake ɗora masa ma'auni, ƙarya zan rubuta ko ban yi niyya ba."

Aka cire ƙaramin likitan daga binciken. Ita ma aka karɓi farar rigarta da wayar ofis, don soyayya da wanda kake aunawa laifi ne ko da hannunka bai karkata ba. Aka kuma gargaɗe ta kada ta yi magana da shi har sai an rufe fayil ɗinsa, in ba haka ba a zubar da duk awon da aka yi masa.

A wata na tara Gola ya shiga ɗakin, ya tarar da wata dattijuwa riƙe da ma'aunin.

"Ina ɗayar?"

"Ba ta nan. Hau gado."

Ya aika saƙo, shiru. Ya sake:

"Awona, in motar ce, ki faɗa mini, ni ba yaro ba ne. Gola ya saba ɗauko ƙwallo daga cikin raga."

Ta karanta a tsakar gida, ta kife wayar, ta yi kuka har uwarta ta rungume ta. Amsa dai ba ta ba shi ba.

A wata na goma sha ɗaya kulob ya kira shi gwaji. Ƙwallon farko ya kama. Na biyu ya tafi kusurwa, ya taka ƙafar dama zai tashi, gwiwar ta zame kamar an ja tabarma a ƙarƙashinsa. Yana kwance ya ga koci ya juya yana kiran wani yaro dogo ya sa safar hannu. Ba wanda ya ce masa ya tafi. Ba wanda ya ce ya dawo.

Shekara ta cika. Aka yi awon ƙarshe, dattijuwar ta rufe fayil, ta ce, "Ka iya cire safarka. Kuma yarinyar da kake ta tambaya, saboda kai aka sallame ta." Ta ba shi labarin duka.

Bai nufi gidansu ba. Rumfar ya nufa, da takalmansa na ƙwallo a hannu. Ya ajiye su gaban tsohon.

"Baba, a ba wa mai bukata. Ni na gama."

Tsohon ya juya takalman, ya duba ɗinkin, ya duba ƙusoshin. Sannan ya ce, "Cire safar."

Ya cire. Tabo uku ƙanana, da wani dogo a ƙasa. Baba Tara ya naɗe ƙafar wandonsa. Nasa tabon ya yi kamu guda, mai kauri kamar igiya. Suka kalli gwiwoyin biyu.

"Lanƙwasa in gani."

Ya lanƙwasa. Ta tafi fiye da rabi kafin ta tsaya.

"Za ta yi tafiya, za ta hau bene, za ta sa wando da kanta," in ji tsohon. "Ƙwallo ne dai babu." Ya ja numfashi. "Kai, wane irin wawa ne kai? Ranar nan da ka ce mini ba a yanka ba, da na ba ka ita. Wa zai leƙa cikin safa?"

"Baba, na tambayi Farfesa me ya sa ake wannan ɓoyo. Ya ce a da, likita kan yanka ne bisa abin da yake zato, babu mai bin baya ya ƙirga wa ya warke, wa ya lalace. Ranar da na ga ƙafarka na gane abin da yake nufi. Ni tawa ta tafi. Amma akwai yaron da tasa za ta tsinke baɗi. Gara a san abin da za a yi masa."

Tsohon ya ɗauki basilla, ya ajiye. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce zare ne ya shiga.

"Ni babu wanda ya dawo ya auna tawa," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya." Can ya ƙara da cewa, "Ita ma ta zubar da aikinta don kada ta rubuta ƙarya. Taurin kanku ɗaya. Na ji tsoron in ba ta gurgu, ashe saura kaɗan in ba ta lafiyayye mai tsinkakken baki. Me za ka ci da ita?"

"Wata makaranta na neman mai koya wa yara tsaron gida. Albashin ba yawa."

"Turo yayarka da manyanka."

Nan take Gola ya rubuta mata:

"Awona, an rufe fayil. Yanzu ina da suna?"

Kafin ya mayar da wayar aljihu amsa ta shigo:

"Kana da shi. Amma ni Talatin da Ɗaya na sani, shi nake so. Zo in ga tabon."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ba taro mai yawa ba. Mutanen benci suka zo, wasu da sanduna, wasu har yanzu da baƙar safa. Farfesa bai zo ba, amma ya aiko wa amarya takardar shaida, wadda ta samar mata aiki a wani ƙaramin asibitin gashin ƙashi. Sakamakon binciken kuwa, an ce har yanzu ana kan ƙirge.

Da ango ya zo yi wa surukinsa godiya, ya dafa bango zai durƙusa. Gwiwar ta ƙi. Ya cije leɓe zai tilasta mata.

"Kai, tsaya!" in ji Baba Tara. "A gidan nan gwiwa ba ta gaisuwa. Zo ka zauna nan."

Ya zauna kusa da shi. Ƙafa biyu a miƙe bisa katako ɗaya, ta hagu da ta dama. Amarya ta leƙo daga ƙofa, tana dariya tana share hawaye.

"Uwata, kin ga haɗin gwiwa," in ji tsohon. Sannan ya ɗaga hannuwa. "Allah Ya ba ku zaman lafiya. Allah Ya ba ku 'ya'ya masu gaskiya irin taku, masu ƙafa irin tawa ta da. Abin da ya tsinke, Allah Ya musanya muku da wanda ba ya tsinkewa."

Duk gidan aka ce amin.