Wayar da Ba Ta Lalace Ba

"Wayar nan lafiyarta ƙalau, Auta."

"Ba ƙalau take ba. Ka sake dubawa."

Injiniya ya ɗago ya dube ta. Shekara takwas yana gyaran waya a ɗan shagonsa da ke manne da shagon ɗinkin mahaifinta, bai taɓa ganin wanda ya kawo lafiyayyar waya yana rantsuwa ta lalace ba. Ya gwada batir, ya duba wurin caji, ya kara ta a kunne. Ko tari ba ta yi.

"To me take yi miki?"

"Tana... tana ɗaukar zafi."

"Hannunki ne ke ɗaukar zafi, ranki ya daɗe."

Ta galla masa harara, irin wadda ta hana shi sakat tun bara. "Ka riƙe ta dai. Ko na roƙe ka, kar ka ba ni."

Injiniya kuwa mutum ne da abinci ba ya wuce masa in bai gano ciwon waya ba. Ya manna takarda a kan gilashinta kamar yadda yake yi wa ta kowa, don shi ba ya karanta saƙon mutane, ya kifa ta a durowa. Amma abin ya tsaya masa a rai. Kwana uku yana juya shi, sai ya leƙa wajen mahaifinta, Baba Tela, lokacin da Auta ta fita sayen maɓalli.

Tsohon ya yi dariya har keken ɗinkin ya tsaya. "Saƙon jami'a take jira, ɗana. Likitan ido take son zama. Sau ɗari take duba wayar nan a wuni. Ranar da ta kawo maka ita, tana guga tana dubawa, ta ƙone wa wani hannun riga."

Ashe haka ne. Injiniya kuwa ya san makarantar tafiyar yini guda ce, karatun kuma shekara shida. Shi da yake shirin turo manya bana.

A rana ta biyar da hantsi wayar ta yi gurnani a durowa, ya ɗauko ta. Ta gefen takardar ya hango sunan jami'ar, ya yi sauri ya kau da kai. Zuciyarsa ta ce ya yi shiru, wa ya gani? Bai bari ta ƙarasa ba, ya ƙwala mata kira.

Ta shigo da zare a wuya, ta ga fuskarsa, ta dafa kanta.

"Ya zo?"

"Ya zo. Ga ta."

"A'a... kai za ka karanta."

"Kin san ba na karanta saƙon mutane."

"Ni mutane ce?" ta ce a hankali. "Me kake tsammani ya sa na kawo ta nan, duk masu gyaran da ke layin nan?"

Ya ɗora wayar a kan tebur. Ya ɓare takardar.

"Sun ɗauke ki, Auta. Sun ce ki amsa kafin kwana bakwai."

Ya jira ihu, bai ji ba. Zama ta yi a kan benci, hawaye na zuba.

"Ba zan je ba."

"Saboda me?"

"Baba ba ya ganin kafar allura. Tun rasuwar Inna ni nake zura masa zare, kullum, duk canjin launi. Ba wanda ya sani, kar masu kawo ɗinki su gudu. In na tafi, shagon ya mutu, shi kuma shagon nan ne ransa."

Gaskiya ɗaya ce, Injiniya ya ji daɗi. Daɗin ya kai ƙiftawar ido, sai kunya ta rufe shi. Ya dubi teburinsa: ga gilashin da yake ƙara girman ƙananan kayan cikin waya, ga ɗan hantsakinsa. Ya kwashe su ya nufi shagon ɗinki, tana biye da shi.

"Baba, ku ba ni aron allurar keken nan."

Ya sunkuya, ya kama bakin zaren da hantsaki. Sau ɗaya ya zura, ya shige.

Baba Tela ya shafa zaren da yatsa. "Ta faɗa maka ke nan."

"Taku uku ne tsakaninmu, Baba. Ku buga bango kawai, in zo in zura."

"Shekara shida fa," Auta ta ce. "Za ka iya?"

"Zaren zan iya, abar ƙaunata. Rashinki ne ban sani ba... amma ki amsa musu."

A gabansu ta amsa. Kafin ta tafi manya suka zo, Baba ya ce ya ba shi ita, amma sai ta gama karatu.

Washegarin tafiyarta, Injiniya yana buɗe shago ya ji tsohon ta bayan bango, ya manta, yana kira: "Auta, zo ki zura min baƙin zare."

Keken bai motsa ba.

Injiniya ya share idonsa da bayan hannu, ya ɗauki hantsaki.

"Ga ni nan, Baba."