Tiren da Ke Fitowa da Magariba

Rana ta yi ja a bayan gidajen Gyadi-Gyadi, 'yan adaidaita sahu na ta hanzarin sauke fasinja kafin a kira salla, lokacin da Lawan ya turo ƙyauren gidansu ya shigo. Komai yana nan yadda ya saba. Inna Hauwa na tuƙa tuwo a gindin murhu, Baba Inuwa na alwala a bakin rariya, ƙanwarsa Nafisa kuwa tana zaune a ƙofar ɗakin lungu da laftof a cinya, hasken gilashin ya kwanta mata a fuska.

Lawan gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago a kasuwar Tarauni. Shekara da shekaru, duk wanda na'urarsa ta ƙi a layin nan, sunansa ake kira a ƙofar gida. Shi ma ya sayo wa Nafisa laftof ɗin, tsohuwa 'yar gwanjo, don ta riƙa rage zaman shiru. Sai ta je wani horo na mata, ta dawo ta goge duk abin da ya zuba mata, ta sa Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Da shi ta fara kwashe bidiyon biki da na suna daga tsofaffin fayafayan DVD, tana ɗora wa masu su a intanet kafin su lalace. Sannu a hankali sallamar ƙofar gida ta koma tata. Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas tsakanin Rano da Kano, ya koma ce wa abokansa a masallaci, "'Yar tawa ai injiniya ce." Lawan bai taɓa jin ya faɗi haka a kansa ba, ko da wasa.

"Yaya, don Allah duba mini," in ji Nafisa. "Tun da na sabunta tsarin da azahar waifai ya ɓace, ko sunan rautarmu, ɗan akwatin da ke raba mana intanet, ba ya fitowa. Na jona wayata na sauke direban, na sa shi, na kashe na kunna, shiru."

"Direba kuma?" Baba ya ɗago daga buta. "Mota ce?"

"A'a Baba, ɗan rubutun da ke koya wa na'ura yadda za ta yi magana da katin waifai."

Lawan ya sunkuya ya dubi baƙar tagar da take rubuta umarni a ciki. Kallo ɗaya ya gane. Tsohon direban ne ke riga sabon tashi yana kame katin, layi ɗaya za a rubuta a hana shi, shi ke nan. Ya sha haɗuwa da irin wannan a shago. Maganar ta zo masa har bakin harshe. Sai ya ga yadda Baba ke kallon Nafisa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, sai Lawan ya haɗiye maganar.

"Ai ke ce injiniya," ya ce. "Ni ban san wannan tsarin naku ba."

Ladan ya ɗaga murya. A cikin ɗan shirun da ke tsakanin kabbara da kabbara, tiren faifan laftof ɗin ya yi ƙit, ya zaro kansa waje. Nafisa ta mayar da shi. Ya sake fitowa. Ta tsaya tana kallonsa, idonta ya firfito, domin da hannunta ta sa faifai a ciki kafin la'asar, yanzu kuwa tiren fanko ne. Ta tura shi, suka ji ƙarar faifai na juyawa a ciki. Ya fito, babu komai.

Sannan tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta biyu ta biyo, ta gangaro ta faɗi kusa da murhu. Inna ta ɗauka, ta yi wurgi da ita nan take. Da zafinta, kamar daga wuta aka ciro ta.

Faifan da ya ɓace na maƙwabciyarsu ne, Malama Esther, malamar firamare 'yar Kafanchan da ke haya a bayan katanga. Na ɗaurin aurenta ne, kuma shi kaɗai ya rage mata da muryar mijinta Habila, wanda ya rasu bara. Da ta ji labari ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a tabarmar Inna, ta naɗe hannu a ƙirji, ta ce, "Maman Lawan, ni ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo rufina ba. Zan sa ku a addu'a." Nafisa ta yi kuka ranar har idonta ya kumbura.

Kashegari Lawan ya zo da sukudireba ya zaro na'urar faifan gaba ɗaya daga jikin laftof ɗin. Ya buɗe ta a gaban kowa, babu faifai, babu abin da ya karye. Ya ɗaure ta, ya aje a kan dakalin taga, ba waya, ba batir, ƙarfe ne kawai da roba. Da rana ta sake yin ja, tsakar gidan ta yi tsit, kaji suka shige akurki da wuri. Ana fara kiran salla, abin nan da ke kan dakali ya yi ƙit, ya miƙo harshensa waje.

Daga cikin ɗakin lungu, inda babu kowa, wata 'yar siririyar murya ta kira a hankali, "Nafisatu."

Nafisa ta miƙe kamar mai tafiya cikin barci, ta shiga ɗakin, ta zauna tana fuskantar bango.

Haka aka shiga kwanaki masu nauyi. Da rana tana nan sukuku, ba ci ba magana. Da yamma ta yi sai ta rungume gwiwa ta yi ta 'yar dariya da bango, in an kusantar da laftof kusa da ita sai ta yi gurnani, jifa kuma ya tsananta har kwano ya lotsa. An kai ta asibiti, aka auna, ba a ga komai ba. Masu kawo fayafayai suka ɗauke ƙafa, waɗansu ma suka koma shagon Lawan suna tambaya ko zai iya. Tsoro yake ji, ba ƙarya, har ya daina wucewa ta gaban ɗakin lungu. Amma can ƙasan tsoron akwai wani ɗan sanyi da yake ji in Baba ya ce, "Lawan, yaya za mu yi?" Wannan bai faɗa wa kowa ba, ko kansa ma bai cika son ya faɗa wa ba.

Ranar Alhamis Baba ya je Ƙauyen Alu ya zo da Malam Shehu, wani dattijo siriri mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar. Ya sa aka daka ganyen magarya aka jiƙa, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna da Malama Esther suka riƙe Nafisa. Lawan ya tsaya a bakin zaure. Malam ya dafa kanta ya fara karatu, a hankali, ba gaggawa, har inuwar katanga ta rufe gidan. Sai jikinta ya sandare, bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce mai kaushi.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Kande. Ina wurin nan tun yana fadama, tun ba a aza tubali ba. Lungun can nawa ne."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

Muryar ta sassauta.

"Tawa ce. Tun tana rarrafe take shigowa wurina. Ni ke cinye tuwon ƙasar da take tuƙawa, ni ke kore mata kunama. In an dake ta, ni take kawo wa kukan. Ta girma ta manta da ni, na haƙura, tunda dai tana zama kusa. Sai ga shi ta shigo mini da wannan mai fitilar, ta aje shi a shimfiɗata, shi take wa magana, shi take wa murmushi. Ta cika mini ɗaki da wata iska mai kuka kamar sauro, ku ba kwa ji, ni nake ji."

"Shi ya sa kika kashe mata iskar?"

Bakin Nafisa ya yi wata dariya mara daɗi. "Wannan ba aikina ba ne. Ni na ja tire, ni na yi jifa, ni na ɗauke faifai don ta yi kuka ta tuna inda take kai shi. Wancan kuwa, tambayi na bakin zaure. Ya san maganinsa tun ranar farko. Na daɗe ina neman hanyar da zan taɓa ta ban samu ba, sai yammacin da ya haɗiye maganar nan. Kishin da ke cina na ji warinsa a ƙirjinsa, ta nan na bi na shigo."

"Irinku ba a rasa ku da ƙarya," in ji Malam, bai ko waiwaya ba. Amma Inna ta waiwaya. Baba kuwa ya kafa idonsa a ƙasa bai ɗago ba, wannan ya fi yi wa Lawan ciwo. Ya dafa bango.

"Za ki fita," in ji Malam.

"A fasa mai fitilar a gabana, sai in fita."

"Ba za a fasa ba. Sana'arta ce."

"To a bar mini ita duk magariba, in mayar da ita da isha."

Malam ya koma karatu. Jikin Nafisa ya lanƙwashe, tsohuwar ta yi ƙara har 'yan layi suka ji, tsakuwa ta zubo a kwano kamar ruwan ƙanƙara. Malama Esther ta runtse ido leɓenta na motsi, ba ta saki hannun yarinyar ba.

"Tsaya! Ɗakin kawai. A bar mini ɗakin."

Malam ya dubi Baba. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, da ma na tarkace ne. A rufe shi."

"Kin ji. Ki zauna a lungunki, ba ki da haƙƙi a kan ɗan Adam ko ɗaya a gidan nan. Ki dawo da kayan baiwar Allan nan, ki rantse ba za ki ƙara taɓa yarinyar ba."

Ta rantse, sau uku ya sa ta maimaita. Sannan ta yi tambaya da wata ƙaramar murya, wadda Inna ta ce har ta mutu ba za ta manta ba: "Ba za ta ƙara kirana ba ke nan?"

"Ba za ta ƙara ba."

Ƙaramin yatsan ƙafar Nafisa na hagu ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Ta zube a jikin Inna. Daga duhun ɗakin lungu faifai ya gangaro a kan gefensa, ya ratsa tsakar gida, ya kwanta a gaban Malama Esther. Sai ladan ya kira salla, kwano kuwa shiru.

Nafisa ta farka ba ta tuna komai ba, babu kuma wanda ya gaya mata abin da aka faɗa da bakinta. Baba ya sa kwaɗo a ɗakin lungu, aka dawo da teburinta da rautar ƙarƙashin rumfar Inna. Da ta ji ƙarfi, wata safiya Lawan bai tafi shago ba. Ya mayar da na'urar faifan, ya ɗaure. Ta kunna, ta sa faifan Malama Esther, ya karanta lafiya, dariyar marigayi Habila ta cika tsakar gida. Waifai dai har yanzu babu.

Lawan ya jawo kujera. "Buɗe baƙar tagar," ya ce. Ya faɗa mata sunan tsohon direban, ya nuna mata fayil ɗin da za ta rubuta shi a ciki don a hana shi tashi. Ta rubuta, ta kashe, ta kunna. Sunayen rautocin layin suka jero a kusurwar gilashi, nasu a sama.

Ta yi murmushi, sannan murmushin ya tsaya. Ta juyo ta dube shi.

"Yaya, ba ka ko yi bincike ba. Yaushe ka gano?"

Inna na tankaɗe a gefe, hannunta ya tsaya. Lawan ya nemi ƙarya bai samu ba.

"Tun ranar."

Nafisa ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. "Ai da ka faɗa mini," kawai ta ce, ta jawo laftof ɗin gefenta, ta karkatar da gilashin.

Ba ta daina gaishe shi ba, ba ta daina kai masa abinci ba. Amma in wani abu ya gagare ta a na'ura, gara ta hau adaidaita har Hotoro wurin wata ƙawarta da ta leƙa ɗakinsa. Jifa bai dawo ba, tire bai ƙara fitowa ba. Sai dai wani lokacin, in Lawan zai fita sallar magariba ya bi ta gaban ɗakin nan mai kwaɗo, yakan ji ajiyar zuciya a bayan ƙyauren, a hankali, irin ta wanda ya ji takun ɗan'uwansa. Sai ya yi a'uziyya, ya ƙara sauri.