Inci Biyun Da Na Bar Masa

"Ba zan taɓa rigar nan ba, Umma!"

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga surukata ta dafa keken ɗinkina. Tunda nake ban taɓa yi mata musu ba, sai yau.

Shekara biyu ke nan rigar tana rataye a bayan ƙofar shagona. Mijina na ɗinka wa, ana gab da tura bataliyarsu bakin daga. Ranar awo sai tsokana yake, yana turo ciki gaba.

"Ki bar min inci biyu daga ciki, Tauraruwata. In na dawo girkinki zai sa min ƙiba."

"Kai ɗin? Mutum kamar sillan kara!"

Na bar masa. Kira ya zo da wuri, ko gwada ta bai yi ba. Bayan wata bakwai sai ga sojoji biyu a ƙofar gida, da jakarsa da agogonsa. A can aka binne shi.

Yanzu Umma so take in gyara wa Auta, ƙaninsa, rigar ya sa ranar aurensa.

"Zan ɗinka masa sababbi, ko kala biyar ne..."

"Ba rashin sutura ba ne, 'yata." Ta zauna a benci, muryarta ta yi ƙasa. "Ke kullum kina kallon rigar. Ni fa? So nake in ga ta shigo ɗakina da mutum a ciki, ya durƙusa ya gaishe ni. Sau ɗaya tak."

Na ce ta turo min Auta gobe. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ni kaɗaicina ya rufe min ido, na manta ita ta haife shi.

Washegari Auta ya zo gwaji, yana ta sunkuyar da kai. Kafaɗa daidai, hannu daidai. Ciki ne kawai ya matse shi.

"Yi haƙuri, Anti, ni akwai ci..."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Da ya tafi na juya rigar, na ɗauki reza.

"Ga inci biyunka nan, Sojana," na ce. "Na jira ka da su har na gaji."

Na farke zaren. Da yamma da zan rufe shago na ɗaga kai kamar kullum, babu komai a bayan ƙofar sai ƙusa.