Gonar Shinkafar Zaharadeen

Rumaisa ko gaisuwar kirki ba ta tsaya sun yi ba. Tana ajiye masa ruwa a zauren gidansu da ke Bakura ta tambaye shi ko gaskiya ne abin da ta ji, wai ya sa gonarsa a kasuwa.

Zaharadeen ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne mana. Wata bakwai ke nan malaman jami'ar gwamnati suna yajin aiki, ita tana zaune gida da littattafanta na aji uku, shi kuma yana zaune da sharaɗin mahaifinta, Malam Muttaka, cewa babu aure sai ta gama. Da haƙuri ya ƙare masa sai ya je ya gano wata jami'ar kuɗi, ya dawo baki har kunne: babu yajin aiki, wuta ba ta ɗaukewa, ɗalibi talatin a aji, kowa da kujerarsa. Sai dai kuɗin shekara guda a can ya ninka duk abin da Malam ya kashe mata tun shigarta. Shi kuwa bawan Allah abin da ya mallaka duk duniya gonar noman rani ce a bayan Talata Mafara, gadon mahaifinsa.

"Don ke nake yi, Rumaisata... na gaji da ganin ƙuruciyarki tana ƙarewa a kan tabarma."

Ta ce masa ƙuruciyar ai tata ce. Ba ta musa ba, su ɗari uku ne a aji, wata rana a bakin taga take ɗaukar darasi, gwamnati ta tuna da su yau ta manta gobe. Amma malamin da ke koya musu shi ake zuwa ɗauka a mota ranar Asabar ya koyar da 'ya'yan masu hannu da shuni. Can jami'ar kuɗi aljihun iyaye ke riƙe da makaranta, ranar da ka kasa biya ranar za a nuna maka ƙofa. Kuma sai sun mayar da ita aji biyu, gonar ba za ta kai ta ƙarshe ba. Daga nan fa, takarda za su dafa su ci?

Ina! Namiji in ya kafe, sai Allah. Ya ce magana ta riga ta ƙare, ranar Talata mai saye zai zo daga Maradun.

Bayan tafiyarsa ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana sonsa, so na haƙiƙa, kuma ta san ranar da gonar ta bar hannunsa ya zama ɗan ƙwadago a gonar wasu saboda ita. Ta share hawaye, ta je ta durƙusa gaban mahaifinta, suka daɗe suna magana.

Ranar Talata da hantsi an hallara a bakin gona: dillali, shaidu biyu, da Alhaji Tukur mai saye. An taya, an daidaita, saura Zaharadeen ya ce ya sallama. Sai ga Malam Muttaka yana tafe a kan kunyar gona, Rumaisa na biye da shi, hijabinta duk laka.

Ta gaida manya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi Zaharadeen.

"Kada ka sallama, Yaya. Gonag ga nike so. Ita ce sadakina."

Kowa a nan ya san hukuncin: sadaki na mace ne ita kaɗai, miji bai isa ya taɓa shi ba sai da yardarta.

Malam ya gyara murya ya ce shi ya gindaya sharaɗi, shi kuma ya janye. "Cewa na yi sai ta gama, ban ce sai gwamnati ta ga dama ba." A ɗaura aure Juma'a mai zuwa, amma ranar da aka buɗe makaranta, ranar ɗiyarsa za ta koma ajinta.

Alhaji Tukur ya yi dariya, ya naɗe babbar rigarsa, ya ce yau mace ta kayar da shi a ciniki.

Zaharadeen idanunsa suka ciko. Ya ce ya ba ta, a gaban shaidun da aka tara don sayarwa. Sannan ya rage murya ya tambaye ta, in yajin ya ƙara shekara fa?

"Sai mu noma shinkafa sau biyu, ni da mijina," in ji ta. "Amma ko taku ɗaya ba za a yanka a gonata ba."