Masu Kwana a Tokar Murhu

Magariba ta kawo kai, dusar ƙanƙara ta lulluɓe tsaunukan bayan garin Travnik. Mirsada na juya miyar wake sai wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga 'yar na'urar da ke manne a bangon falo, mai lura da sabon injin ɗumama gida: sanyi ya yi yawa a ɗakin Lamija, a duba.

Ta je. Taga a rufe, bututun ɗumi na aikinsa. Amma 'yarta na zaune a ƙasa, ta ƙura wa bango ido, numfashinta na fita fari kamar hayaƙi.

"Lamija, lafiya?"

Yarinyar ba ta ɗago ba.

Senad, mijin Mirsada, shi ya fitar da tsohon murhun itace ya kafa injin a wajen gida kafin shigowar sanyi. Ya kira mai gyara. Mutumin ya kwance, ya ɗaura, ya sha kofi, ya ce, "Senad, wallahi injinka ya fi ni lafiya."

Amma kullum rana ta faɗi sai saƙon ya shigo. Daga baya aka fara jifa. Dutse ya daki injin da ke waje, gindin tsohuwar bishiyar tuffa, a yi shiru mai tsawo, sai wani. Senad ya fita da fitila, babu sawun kowa a ƙanƙara. Lamija ta daina cin abinci, leɓɓanta suka yi shuɗi. A asibiti aka ce ba a ga komai ba.

"Gobe zan kira Hoja Zuhdija," in ji Mirsada.

"Malami ya zo ya yi wa inji ruƙiyya? Garin nan su samu abin dariya?" in ji Senad.

"Su yi ta yi. 'Yata ce."

Tsohon malamin ya zo bayan la'asar. Ya zauna gaban yarinyar, ya fara karatu a hankali, bai tsaya ba har duhu ya cika ɗakin. Can bakin Lamija ya buɗe, muryar wata mace ta fito, a dishe.

"Dakata, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ɗumin jikinta nake ara. Tun zamanin kakar mai gidan nan muke kwana a tokar murhu. Suka fitar da shi, muka koma gindin tuffa, ba mu ce uffan ba. Sai suka kafa mana wancan abin. Yana zuƙe ɗan ɗumin da ya rage a iska ya kai musu ciki, mu ya huro mana sanyi. Da jariri a hannuna, malam."

"Sun cuce ki ba da sani ba. Ke da sani kike cuta. Fita."

"A bar min ita, sai ƙanƙara ta narke."

"Ko daren yau ba za ta kai a hannunki ba."

Ya ɗaga murya da karatu. Jikin Lamija ya sandare.

"To a ba ni wuta!"

Senad ya miƙe. "Murhun na nan a rumfar itace. Yanzu zan hura shi. Injin ma gobe a ɗauke shi daga wajen."

Mirsada ba ta san lokacin da tambayar ta kuɓuce mata ba. "Jaririn fa?"

Idanun yarinyar suka juyo gare ta, suka daɗe a kanta.

"Na binne shi. Sauran 'ya'yan nake ji wa."

Ƙofar ɗakin ta buɗe da kanta, ta rufe a hankali. Lamija ta sulale jikin mahaifiyarta. Mirsada ta ji ɗumi na dawowa tafin hannun yarinyar, sannan ta ji kafaɗunta na girgiza.

"Mama, me ya sa nake kuka?"

Mirsada ta ƙanƙame ta. "Kukan ba naki ba ne, 'yata. Amma yi shi."