Bututu na Biyu

Anga, ƙugiyar tsayar da kwalekwalensu, ce ta maƙale a jikin tsohon jirgin ruwan dakon man nan da aka nutsar lokacin yaƙin duniya, daura da gaɓar tsibirin Aruba. Ita ta mayar da Ludwina ruwa da almuru. Baƙin da ta yi wa jagora sun tuɓe kayan nutso, suna cin soyayyen kifi da funchi, tuwon masarar garin. Kwalekwalen sai warin fetur da ƙarni.

"Ki bar ta sai gobe," in ji yayanta Chito, matuƙi. "Guduwa za ta yi?"

"Minti biyar, Yaya. Kai dai ka cika tsoro."

Cikin nutsattsen jirgin nan mijinta Genaro ya shiga bara, kuma ko gawarsa ba a gani ba.

Ta bi igiya ta gangara. Ruwan ya yi duhu, ya yi sanyi. Ba ta jin komai sai numfashinta da tashin kumfa. Ta kwance angar.

Ƙwal. Ƙwal. Wani na buga wuƙa a tukunyar iska, irin wadda masu nutso ke goyawa.

Ta haska tocilarta. Genaro ne, wallahi, a ƙofar ɗakin inji. Gansakuka ta rufe masa kafaɗu. Ya ja hannu a maƙogwaro, alamar masu nutso ta cewa iska ta ƙare.

Kowane mai nutso na ɗauke da bututun shaƙar iska na biyu saboda abokin tafiya, kuma ba a tsayawa tambaya. Kafin ta yi tunani ta sa masa a baki.

Ya zuƙa. Ya sake zuƙa. Kumfa ko ɗaya ba ta fito ba.

Allurar agogon iskarta ta soma faɗuwa. Rabi. Kwata.

Ta nuna masa sama. Ya girgiza kai, ya riƙe bututun da hannu biyu, yana kallonta irin kallon da yake mata in ya dawo gida a gajiye.

Allurar ta shiga ja.

Wayyo, Ludwina!

Chito ne ya jawo ta cikin kwalekwale, tana aman ruwa, tukunyar wayam. Ba ta sake nutso ba. Sai da aka yi wata guda ta buɗe baki, ita da Chito suna gyaran komar kamun kifi a bakin teku.

"Bai so ya saki ba, Yaya," ta ce a hankali. "Ni na ɓamɓare yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya."